Kwalba Mai Jan Murfi

Da hannun hagu nake buga muku wannan, don haka duk inda kuka ga harafi ya tsallake, ku yi mini uzuri. Na daman yana cikin siminti tun daga gwiwar hannu har yatsu. Ba mota ce ta buge ni ba, ba kuma ɓarayi suka tare ni ba. Yayana ne ya karya shi, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni tun ranar da Babanmu ya rasu.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni ce autar gidanmu, ina digiri na biyu a sashen ƙididdigar lafiyar al'umma. Duk inda na faɗi haka sai a ce, "Ah, likita ce." Wallahi ko allura ban iya riƙewa ba. Aikinmu shi ne idan cuta ta faɗo gari, likitoci suna fama da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu tattara bayanan kowa mu zuba a kwamfuta, mu nemo abin da waɗanda suka kamu suka yi tarayya a kansa wanda sauran ba su yi ba. Mama ta ce wannan ai gulma ce aka ba ta digiri.

Watannin baya aka fara kawo yara ƙanana asibitin koyarwa da ciwo iri ɗaya. Zazzaɓi, sai amai, sai fitsari ya ɗauke ɗif, jiki ya kumbura. Ƙoda ta tsaya ke nan. Injin wankin ƙodar da ke akwai bai isa ba, yara suna mutuwa a layi. Wanda ya kawo maganar sashenmu likitan ɗakin yara ne, kowa Dogo yake ce masa. Farar rigarsa ba ta taɓa kai masa wuyan hannu ba, aljihunta kullum cike da biro da alewa. Ya dire katan ɗin fayiloli a teburina ya ce, "An ce ke ce mai sa lamba ta yi magana."

Na ce, "In da rubutun mutane aka rubuta ta, ba rubutun likita ba."

Ya yi dariya har da dukan tebur. Daga ranar kullum sai ya zo "karanta mini" rubutunsa, ko da babu abin karantawa. A wayata Ciwon Kai na sa masa. Kafin a yi nisa magana ta kai gida, aka tsayar da ranar da iyayensa za su zo su ga Yaya.

Shugabar sashenmu, Farfesa, 'yar gajeruwar mata ce mai muryar da ke tsayar da aji tun daga baranda. Ita ta tsara binciken. Ta ce duk yaron da ƙodarsa ta tsaya, mu nemo yara uku sa'anninsa a unguwarsu da suka yi zazzaɓi a lokaci guda amma suka warke. Muka bi gida-gida muna tambayar iyaye mata: wane ruwa ya sha, me ya ci, wane magani aka ba shi, ina kwalbar? Wata uwa ta fito mini da kwalba daga ƙarƙashin filo, wurin kwanan yaron da ta binne. Ta ce, "Na kasa jefarwa, da hannuna na riƙa ba shi."

Ranar da na gama haɗa alƙaluman, layi ɗaya ya tsaya mini a allo kamar ƙaya. Yaran da suka sha wani maganin zazzaɓi na ruwa, mai jan murfi, haɗarin tsayawar ƙodarsu ya ninka na sauran sau goma sha huɗu. Farfesa ta sha gaya mana, "Kada ki yi soyayya da sakamakonki. Ki nemi kashe shi ta kowace hanya, in ya ƙi mutuwa sai ki kawo mini." To na nemi kashe shi, jama'a, Allah ne shaidata. Na ware shekarun yara, na ware unguwa, na ware irin ruwan sha, na ware masu shan jiƙe-jiƙe. Lambar ko gezau.

Na san kwalbar nan. Katan-katan ɗinta sun sha kwana a garejin gidanmu. Yaya ne babban dilan da ke kawo ta, shi ke raba wa kemis-kemis na cikin gari.

Na shiga ofishin Farfesa, na ajiye mata sakamakon, na ce, "Ma, mai kawo maganin nan yayana ne."

Ta cire gilashinta ta dube ni da kyau. "Kin kyauta da kika faɗa. To daga yau hannunki ya fita daga lissafin." Ta ba wani ɗalibi bayanan ba tare da ta gaya masa abin da na samu ba. Ya dawo da lamba iri ɗaya. Aka aika kwalabe ɗakin gwaji, aka sanar da hukumar magunguna. Farfesa ta tara mu ta ce kowa ya ɗinke bakinsa har jami'ai su gama shirin kwashe kayan a rana ɗaya. "In labari ya riga su fita, kayan nan ɓacewa za su yi, su ɓulla a ƙauye inda babu injin wankin ƙoda ko ɗaya."

Dogo ne bai iya haƙuri ba. Ga saƙonninmu nan, ban goge ko ɗaya ba.

Ciwon Kai: Mu gaya wa Yaya. Mutum ne, yana da 'ya'ya.

Ni: Ba ka san shi ba.

Ciwon Kai: Yau na rufe idon yarinya 'yar shekara biyu. Babanta ya tambaye ni me ya kashe ta, na ce muna bincike. Ƙarya na yi masa.

Ni: Na sani. Ka daure, jami'ai sun kusa.

Ciwon Kai: Da wane ido zan zauna a gabansa ina neman ƙanwarsa, alhali na san abin da ke tafe masa?

Ni: Ka yi mini alkawari ba za ka je ba.

Ciwon Kai: To.

'Yan'uwana mata, idan namiji ya turo muku "to" shi kaɗai, babu ko ɗigo a bayansa, ku tashi tsaye.

Ana gobe iyayensa za su zo, da hantsi, ina falo ni da Mama. An cire ledar kujeru, an shimfiɗa sabon kafet ruwan ƙasa, an sauke tsofaffin labulaye, ƙarfen labulen na jingine a bango ana jiran mai sa sababbi. Tela ta aiko da rigata, doguwa ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a hannu, na saka ina juyi a gaban madubin kabad. Mama tana guge mayafin rigar tana mita wai na rame, kada surukai su ce ba a ba ni abinci. Kwamfutata na buɗe a kan teburin tsakiya.

Sai muka ji an bugo get da mota. Ba a kashe injin ba. Yaya ya shigo ko sallama babu, idonsa jawur, hularsa a hannu ya murɗe ta kamar tsumma.

Mama ta ce, "Lafiya, Babban Gida?"

Bai ko kalle ta ba. "Ke! Wannan ce kwamfutar?"

Kafin in buɗe baki ya ɗaga ta sama da hannu biyu ya maka a gefen teburin. Gilashin teburin ya tarwatse. Ya sake ɗagawa ya buga da ƙasa, ya bi ta da ƙafa yana takewa, maɓallai suna tsalle a kan kafet.

"Yaya, don Allah ka tsaya ka ji..."

Marin da ya ɗauke ni da shi, sai da na ga wuta. Na faɗa kan kujera, kunnena na ƙara. Ya damƙi wuyan rigar ya fizgo ni, na ji ɗinkin ya yage har kafaɗa, duwatsun suka zube.

"Ni za ki tona wa asiri? Ni? Na yi ta wahala a kasuwa kina makaranta, ashe wuƙar da za ki yanka ni da ita kike wasawa!"

Mama ta yar da dutsen guga ta shiga tsakaninmu. "Innalillahi! Me ta yi? Ka gaya mini me ta yi!"

"Ta rubuta wa hukuma wai maganina ke kashe yara!"

Na ce, bakina da ɗanɗanon jini, "Ban ce kai ka kashe su ba. Maganin ne. Akwai guba a ciki, Yaya."

"Ni na haɗa shi? Saye na yi! Da takardu na saya, da hatimi, da komai!"

"To ka kai wa hukuma da hannunka. Ka ce ga shi, ka faɗi inda ka saya. Wallahi shi ne kaɗai zai fitar da kai."

"Sito guda cike maƙil? In kai musu su ƙona, in koma ina? Ke kin san abin da ake ciyar da gidan nan da shi?" Ya nuna ni da yatsa. "Yanzu za ki tashi, ki je wurin tsohuwar nan taku, ki ce kin yi kuskuren lissafi. Ai ana kuskure. Ki ce kin haɗa lamba ba daidai ba."

"Ko na ce ba zai yi amfani ba. Wani ya maimaita lissafin, ya samu abin da na samu. Bayanan kuma ba a kwamfutata kaɗai suke ba."

Ban san lokacin da ya ɗauko ƙarfen labulen ba. Na dai ga Mama ta rungume ƙugunsa tana cewa, "Ka fara kashe ni! Ka fara da ni!" Ya ture ta, ta faɗi zaune a kan ɓaraguzan gilashi. Ƙarfen ya taho saitin kaina, na ɗaga hannu na tare. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen itace. Da farko babu zafi. Na dubi hannuna na ga ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, sannan ihun ya fito.

Ya tsaya yana haki, ƙarfen a hannunsa shi ma ya tanƙware. Na ɗauka zai dawo hayyacinsa. Sai ya ce, "Ki gode wa saurayinki. Da bai zo shagona jiya ya gaya mini ba, da sai dai in ga jami'ai a ƙofa. Shi ya fi ki sanin darajata." Ya jefar da ƙarfen ya fita.

Wannan maganar ta fi karayar zafi.

Matar Yaya ce ta sauko daga bene da gudu, ko takalmi babu, ta naɗe mini hannu da mayafin da Mama ta gama gogewa. Mama, tafin hannunta na zubar da jini, ta biyo mu har bakin mota tana kuka. Na zaci lallashina za ta yi. Ta leƙo ta taga ta ce, "Auta, in an tambaye ki, ki ce santsi ya kwashe ki a banɗaki. Kuma ki duba maganar ɗan'uwanki. Ki ce kuskure ne, me zai ragu a jikinki? Shi ne ubanki fa yanzu."

"Mama, yara ne suke mutuwa."

"Kowa da kwanansa. Ni dai kada a ɗaure mini ɗa."

Na juya fuskata.

A sashen gaggawa aka ɗauki hoton hannun, ƙasusuwa biyu duk sun karye. Suka ja, suka daidaita, na ciji mayafi har haƙorana suka yi tsami. Ana gama sa simintin sai ga Dogo ya shigo a guje, abin awon ƙirji na lilo a wuyansa. Ya ga fuskata a kumbure, ya ga rigar a yage, ya tsaya cak.

"Wa ya yi miki haka?"

"Wanda ka ce mutum ne, yana da 'ya'ya."

Ya dafa bango. "Ya rantse mini... ya riƙe hannuna ya ce zai dakatar da sayarwa, zai kira kemis-kemis su dawo da shi. Har godiya ya yi mini."

"Na ce ka yi mini alkawari, ka ce to."

"Na kasa, wallahi na kasa. Duk safiya sai na..."

"Kada ka gaya mini abin da kake gani duk safiya! Ni na ƙirga su! Kowane layi a kwamfutata yaro ne, na san shekarunsa, na san unguwarsu, na zauna da uwarsa. Ka ɗauka ni ba na jin zafi don ba na riƙe gawa?"

Ya durƙusa a gaban gadon, dogon mutum ya naɗe kamar tabarma. Ni kuwa ban tausaya masa ba a lokacin.

Matar Yaya ta rufe labulen gadon ta matso kusa da kunnena. Baiwar Allah nan shekara da shekaru ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidanmu ba. Ta ce, "Auta, tun da sassafe na ji shi yana waya da direbobi. Manyan motoci ya kira. Suna babban sito na bayan tashar mota, lodi suke yi. Ni ma uwa ce, ba zan iya riƙe wannan a cikina ba. Amma don girman Allah kada ki ce ni na faɗa."

Abin da Farfesa ta ji tsoro ke nan. Na sauko daga gadon, jiri na ɗibata, na fita baranda inda waya ke kamawa. Na kira Farfesa. Ana hayaniya, ba ta ji na sosai, sai na ɗaga murya. "Ma, kwashe maganin suke yi yanzu! Mai jan murfin, e, wanda ke kashe ƙodar yaran! Sito na bayan tashar mota, mai shuɗin get. A turo jami'ai yanzu, in ba haka ba ya tafi!"

Ta ce, "Na ji. Ki zauna inda kike."

Da na sauke wayar na ga wani mutum a kan benci yana kallona. Kayan aikin gareji ne a jikinsa, duk baƙin mai, a cinyarsa kuma ɗan ƙaramin takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ya miƙe a hankali.

"Baiwar Allah, mai jan murfi kika ce?"

Bai jira amsa ba. Ya sa takalmin a aljihu, ya fito da waya, ya nufi ƙofa yana magana, tafiyar tana komawa gudu.

Dogo da ya biyo ni ya ce, "Wayyo Allah. Makanike ne, ɗansa ya rasu ɗazu a hannuna. Gawar yake jira."

Muka dubi juna. Babu wanda ya ce wa wani mu tafi. Ya ɗauko makullin motarsa, na bi shi, don ni kaɗai na san lungun. A hanya cunkoso ya riƙe mu, babura suna ta wuce mu, kowane da mutum uku, wasu da sanduna, wasu da ƙarafan gareji. Dogo yana dukan sitiyari yana salati.

Tun daga bakin tasha muka hango hayaƙi. Muka bar motar a tsakiyar titi muka kutsa da ƙafa. An ɓalle shuɗin get ɗin. Manyan motoci biyu a tsakar sito, ɗaya tana ci da wuta, ɗayar an hau kanta ana wurgo katan-katan ƙasa. Kwalabe suna fashewa, maganin ya malale jajir yana bin kwata, ƙasa duk danƙo da gilashi. Masu lodi sun tsere. Ba iyayen yara kaɗai ba ne, duk wani mai jin haushi a tashar ya shigo.

Sai na hango Yaya. Sun jawo shi daga ofis ta ƙafa, kansa na bugun matakala. Rigarsa ta tafi, saura singileti. Wani ya sauke masa katako a haƙarƙari, wani ya taka masa fuska. Yana ɗaga hannu yana cewa, "Saye na yi! Ku tsaya, saye na yi!" Wa ke ji? Makaniken ya zo da kwalba ɗaya, ya fasa murfin da haƙori, ya matse masa muƙamuƙi. "Sha! Sha abin da ɗana ya sha!" Wani kuma na mirgino taya, wani na bayansa da galan ɗin fetur.

Jama'a, mutumin da ya karya mini hannu ɗazun nan ne. Amma da na ga tayar nan, ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Yayana ne! Kada ku ƙona shi! Yayana ne!" Wata mata ta fizge mini ɗankwali, wani ya hankaɗe ni, na faɗi a kan simintin hannuna, zafin ya tafi har ƙwaƙwalwata.

Dogo ya ratsa su da farar rigarsa, ya fi kowa tsawo, hannuwansa a sama. "Ku dube ni! Kun san ni! Ni nake kwana da 'ya'yanku!" Ya buge kwalbar daga hannun makaniken. "Baban yaro, dube ni. In kuka kashe shi, wa zai gaya mana inda ya sayo? Wa zai gaya mana kemis nawa ya raba wa? Akwai yaran da ake ba shi yanzu haka!"

Makaniken ya tsaya, ƙirjinsa na sama da ƙasa, hawaye na wanke baƙin man fuskarsa. Waɗanda suka san Dogo suka ɗan ja baya. Mai galan ya matso, Dogo ya kwanta a kan Yaya ya rufe shi da jikinsa gaba ɗaya. "To ku zuba mana tare."

Na ɗauka an tsira. Sai wani daga baya, wanda na tabbata ko asibitin bai taɓa shiga ba, ya tsallako da ƙarfen kwance taya. Yaya ya nufa ko Dogo, Allah kaɗai ya sani. A ƙeyar Dogo ya sauka. Ƙarar ba ta da yawa. Jikinsa ya saki, dogayen ƙafafunsa suka yi shure-shure sau biyu, jini ya bi wuyan farar rigar.

Makaniken ne da kansa ya shaƙe mai ƙarfen yana ihu, "Likita ka buga! Likitan yara ka buga, la'ananne!" Sai jiniya, sai harbi a sama. Taron ya watse kamar an watsa ruwan zafi. Na rarrafa cikin gilashi da danƙon magani na ɗora kan Dogo a cinyata. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Ina kiransa da duk sunan da na taɓa kiransa, har da na wayata. Bai amsa ko ɗaya ba.

Mota ɗaya ta kwaso mu duka. Kai tsaye aka wuce da Dogo ɗakin tiyata, abokan aikinsa suna gudu da gadon, wata nas tana kuka tana ture mutane. An ce jini ya taru a cikin kansa. Yaya kuma haƙarƙari uku da muƙamuƙi, amma yana cikin hayyacinsa. Suka kwantar da shi a wani ɗaki, ankwa ɗaya a hannunsa ɗaya a ƙarfen gado, ɗan sanda a ƙofa.

Ina zaune a barandar tiyata Farfesa ta iso da wani jami'in hukumar magunguna. Ta kalli hannuna, ta kalli ƙafafuna da gilashi ya yayyanka, ta cire mayafinta ta rufa mini kafaɗar da rigar ta yage. Jami'in ya ce, "Maigadin siton ya ce motoci uku aka kira. Biyu muka tarar. Ɗaya ta fita tun kafin rana ta take, cike. Direban ya kashe waya. Yayanki ya ƙi magana."

Kafin in amsa sai ga Mama, hannunta naɗe da bandeji, mayafi a karkace. Ta tsaya a kaina. "Hankalinki ya kwanta? Kin ga abin da lissafinki ya jawo?"

Na miƙe na kama hannunta. "Zo mu je ki ji."

Ɗan sandan ya bar mu muka shiga. Fuskar Yaya ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Mama ta faɗa kansa tana shafa goshinsa tana, "Sannu, Babban Gida, sannu ɗana." Ni kuwa na tsaya a ƙarshen gado.

"Yaya, ina mota ta uku?"

Ya juya kai.

"Mutumin da ya kwanta a kanka yana can an buɗe masa kai. Ban sani ba ko zai tashi. Ba don ni ba, ba don hukuma ba. Ina ka tura ta?"

Sai hawaye ya gangaro daga idon da ke buɗe. Ya yi magana ta cikin haƙora, da ƙyar ake ji. "Wurin da... babu mai dubawa."

"Ina ne?"

Ya dubi Mama, ya kawar da ido. "Garinku, Mama. Gobe kasuwarsu ke ci. Na ce a raba wa masu tebur... a karya farashi."

Hannun Mama ya tsaya a goshinsa. Garin da aka haife ta ke nan, inda ƙannenta suke, da 'ya'yansu, da jikoki fal kowane gida. Garin da ko ƙaramin asibitinsu ba kullum ake samun ma'aikaci ba.

"Garinmu?" Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Jikokin ƙannena za ka shayar?"

"Mama, ba ni da..."

Tas! Da hannun mai bandejin ta mare shi, a kan karyayyen muƙamuƙin. Tunda nake ban taɓa ganin ta ɗaga masa ko yatsa ba. Ya yi wani irin gurnani, ankwar ta yi ƙara a jikin gado. Ɗan sandan ya leƙo, ta ce masa, "Ka riƙe shi da kyau." Ta fita ba ta waiwaya ba.

Jami'in ya ruga yana waya a tare hanya. Mama kuma ta zauna a ƙasan baranda dirshan, ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar wayarta mai maɓalli, ta fara kiran danginta ɗaya bayan ɗaya. "Ke, ajiye abin da kike yi. Ki shiga gida-gida. Duk kwalba mai jan murfi, kada a ba yaro ko ɗigo. Ki gaya wa liman ya faɗa a lasifika. Ki ce ni na ce. E, na ɗana ne. Na ce na ɗana ne, ki yi abin da na sa ki!"

Ina jin ta, idona na kan ƙofar tiyata. An yi wa iyayen Dogo waya, suna hanya, mutanen da aka gyara falo dominsu, yanzu asibiti za su sauka. Fitilar saman ƙofar ta mutu. Babban likitan ya fito, ya sauke takunkumin fuskarsa, gaban rigarsa duk jini. Ya dubi barandar, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ina iyalinsa?"

Babu wanda ya motsa. Ni ba matarsa ba, ba 'yar'uwarsa ba, ko gafarta masa ban yi ba tukuna. Na dafa bango da hannun hagu na miƙe.

"Ga ni," na ce.